Jan Biro da Hoton Gonar Zipora

Kafanchan,
3 ga Satumba.

Zuwa ga 'yata Miriyam,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da mamarki Lucia da duk namu da ke Sabon Tasha. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta shiga yajin aiki tun da ruwa ya zauna, ta dama kuma tana shawarar bin ta. Likita ya hana ni gishiri, ya hana ni fushi. Gishirin na bari.

Na ce 'yata don haka aka saba. In an bi layi, kakanki da ubana 'ya'yan wa da ƙane ne. A wani wuri wannan zumunci ya isa a manta da shi, amma mu mutanen Zonkwa ba mu manta wanda za mu zauna kusa da shi a jana'iza.

Ranar Lahadi bayan sujada wani dattijon ikilisiya ya miƙo mini wayarsa, ya ce, “Azariya, ga 'yarka ta tuna da kai.” Na sa tabarau. Sai ga shafinki na intanet, Maɓalli, wanda aka ce a nan ake sanin wace waya ce mai kyau da wace ce ta banza. Kanun ya ce tsofaffin jaridu na tsoron fasaha. A ƙasa kuma ga sunana cikakke, an ce ni tsoho ne mai rubuta labarin gona daga kujerar hutu.

Bari in tuna miki abin da na rubuta, ko kin karanta da sauri irin naku. Na ce wannan manhaja da ake kira Idon Manomi, wadda ake ɗaukar hoton ganyen citta ta faɗi ko akwai ciwo, ba ta ceci kowa ba. Manoma goma sha huɗu na bi gida gida. Waya tana ce musu lafiya, citta tana ruɓewa a ƙasa, don ciwon nan daga ƙasa yake farawa. Kafin ya hau ganye an riga an yi asara. Ke kuma kika ce ƙarya nake, kika kafa hujja da gonar Zipora, gwauruwar nan ta hanyar Kachia, wai manhaja ta cece ta.

To, ga inda kika kai ni. Editanmu Nelson, wanda na fara rubutu a jaridar nan tun yana rarrafe, ya kira ni. Ya ce masu manhajar sun ɗaga murya, ya ce ko in kawo hujja ko in ba da haƙuri a rubuce kafin ƙarshen wata, in ba haka ba filina na ranar Asabar ya ƙare. Shekara talatin da ɗaya nake riƙe da filin nan, Miriyam. Ko ranar da muka binne matata bai fita babu rubutuna ba.

Tambaya ɗaya nake da ita. Gonar Ziporan, kin je da ƙafarki, ko turo miki aka yi? Wayar dattijon ƙarama ce, allon kuma ya tsage, ban ga hoton da kyau ba. Ki wanke mini shi a takarda.

Ki ba Nuru direba amsa, motarsa na lodi a tasharku Litinin da Laraba da Juma'a. Kada ki kira ni a waya. Na ji ku masu shafi in kun yi ƙarya da safe kukan goge ta kafin rana ta yi tsaka. Ni abin da na rubuta da biro yana nan.

Babanki,
Azariya Kumai

*

Sabon Tasha,
8 ga Satumba.

Baba Azariya,

Na gaishe ka. Sannu da gwiwa, Ubangiji ya ba da sauƙi. Mama tana lafiya, ta ce ka daina hawa okada. Ta kuma ce kada in ba ka amsa, wai ba a sa-in-sa da manya. Na ce mata ai kai ka nema.

E, na je da ƙafata. Na hau mota zuwa Zonkwa, na hau okada har ƙofar Mama Zipora. Na tambaye ta ko ta yi amfani da manhajar, ta ce 'yarta ta sa mata. Na ce ta kai ni gona. Ta shiga ɗaki ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta kai ni. Baba, kore shar har ƙugu. Na gwada manhajar a kan ganye uku, duka ta ce citta mai lafiya. Ga hoton na wanke maka babba, tunda ido ya tsufa.

Ka ce mu masu gogewa ne. Mutum dubu arba'in sun karanta labarina a kwana biyu. Jaridarku mutum nawa ke saye a Kafanchan? Ta ƙarshe da na gani, mai tsire ya naɗe mini nama a ciki, rabin fuskarka ya sha mai.

Ka ce ba ku mantawa. Ni ma jininku ce. Ka tuna Kirsimeti shekara tara da suka wuce, a gidan kaka? Na gama karatun aikin jarida, na kawo maka labarina na farko da hannu biyu, ina roƙo ka kai ni wurin editanku. Ka zaro jan biro daga aljihu. A gaban kowa, ana cin shinkafa, ka karanta shi da ƙarfi, duk layi sai ka tsaya ka zagaye ka ce, “Wa ya gaya miki?” Sau goma sha ɗaya. Har yau in na je gida yara suna bina da shi. Na shiga bayan rumbu na yi kuka, ka aiko a tambaye ni ko zan ƙara nama.

Takardar tana wurina. Yanzu ni ce nake tambaya. Manomanka goma sha huɗu, wa ya gaya maka? Ina hoto? Ni ga nawa.

Ranar 27 ga wata an gayyace ni taron fasahar noma a Kaduna, in yi magana a kan wannan labari. Ka ba da haƙurinka kafin ranar, zan ambace ka da mutunci.

'Yarka,
Miriyam

*

Kafanchan,
12 ga Satumba.

'Yata Miriyam,

Na gaishe ki da sunan Ubangiji. Gwiwa ta ɗan saki, har na ji ina iya tafiya mai nisa. Ki gaya wa Lucia na ji maganar okada, amma ta zo a makare.

Nuru ya kawo saƙo. Na zauna a inuwar mangwaro na buɗe hoton. Na dube shi da tabarau, na dube shi babu tabarau. Na kira maƙwabciyata ta duba, ta rufe baki da zane ta koma gida. Miriyam, tun da nake aikin nan ba a taɓa aiko mini da kyauta irin wannan ba. Na sa shi cikin Littafi Mai Tsarki don kada ya lanƙwashe.

Jiya na je wurin Zipora. Ta ba ni kunu, mun daɗe muna hira. Na tsaya daidai inda kika tsaya, na ga abin da kika gani. Gaskiyarki, kore shar. Kin je da ƙafarki, wannan ba zan ƙara musu a kai ba, kuma na ji daɗi da kika rubuta shi da hannunki.

Maganar Kirsimeti, ban san tana cin ki har yau ba. Ni abin da na tuna, naman ya yi gishiri.

Ga shawarar tsoho. Hoto irin wannan ba na allon waya ba ne. Ranar taronku ki sa a buga shi ƙato, yadda na kujerar baya zai ga kowane ganye. In da manoma daga Kachia ko Kwoi a wurin, ki zaunar da su a gaba. Ki faɗa da bakinki cewa ke jikar manoman citta ce.

Ni kuma zan rubuta abin da Nelson ya nema. Zai fito ranar Asabar ɗin taron, don ki karanta da safe kafin ki hau dandamali.

Babanki,
Azariya

*

Sabon Tasha,
15 ga Satumba.

Baba,

Gaisuwa. Mun gode Allah da gwiwa. Mama ta yi murna, ta ce ta san kai mai tsoron Allah ne.

Ban zaci za ka sauko da wuri haka ba. Na sa a shafi cewa tsohon wakilin ya je ya gani, ya amince, haƙurinsa na tafe. Hoton kuma an buga shi a kan leda, tsawonsa ya fi ƙofa. Na samu manoma shida daga Kachia, su ne a layin gaba.

Kada ka yi haƙurin ya yi tsawo. Layi goma sha ɗaya sun ishe ni.

Miriyam

*

Kafanchan,
27 ga Satumba.

'Yata Miriyam,

Gaisuwa mai yawa. Yau na tashi babu ciwo ko ɗaya. Na ci tuwo, na ƙara, har na sa gishiri kaɗan don murna.

Jarida ba ta isowa nan sai Litinin, amma na san abin da ke ciki tunda ni na rubuta. Ke kam kin riga kin karanta. Bari dai in ba ki labarin a tsanake, yadda ake ba yara.

Akwai wata mata mai gona biyu. Ɗaya ta citta, a gangare kusa da rafi. Ɗaya a kan tudu, wadda bara, da ta ga abin da ciwo ya yi wa mutane, ta shuka kurkum a ciki, wannan mai launin rawaya da ake sa wa shinkafa. Bana citta ta ruɓe tun watan Yuli, waya tana ce mata lafiya. In kin tsaya a bakin gonar sai kin toshe hanci. Ana nan sai ga baƙuwa daga birni da takalmi mai tsini, ta ce a kai ta gona za ta ɗauki hoto duniya ta gani. To, Miriyam, wace mace ce a ƙasarmu za ta ɗaura zanen zumunta ta tsaya cikin ruɓaɓɓiyar gona a ɗauke ta? Ko gawa sai an yi mata wanka kafin a nuna. Ta kai baƙuwa tudu. Baƙuwa ba ta tambayi me aka shuka ba, ita kuma ba ta ga dalilin faɗa wa jikar Kumai abin da akuya ma ta sani ba.

Ganyen citta siriri ne, kamar na gora, jere a jikin kara. Ganyen kurkum faɗi ne, kamar ɗan ayaba. Na tambayi Zipora ko ba ta ji nauyi ba, ta ce, “Baba, na ɗauka gwada ni take yi.” Manhajarki kuwa ta dubi kurkum sau uku ta ce citta mai lafiya. Wannan kaɗai ya fi manomana goma sha huɗu ƙarfi, kuma ke kika ba ni da hannunki.

Tun ranar da na buɗe hoton na gane. Da na so, da na aiko Nuru a ranar ki cire shi shiru. Na yi tunanin haka, kusan tsawon shan kofin shayi ɗaya. Sai na tuna kujerar hutu. Na tuna dattijan ikilisiya suna miƙa waya hannu zuwa hannu. Na ce a'a, bari ledar ta bushe tukuna.

Ban yi miki ƙarya ko ɗaya ba, ki sake karanta wasiƙata. Na ce zan rubuta abin da Nelson ya nema. Abu biyu ya nema, haƙuri ko hujja. Ke kika zaɓar mini.

Nelson ya yi murna har ya kira ni Baba. Ya ce zai sa hotonki a gefe ɗaya, ya nemo hoton citta ta gaskiya ya sa a ɗaya gefen, duniya ta ga bambancin jarida da shafi.

Ki gaishe mini da mutanen Kachia na layin gaba. Tambayata ba ta canza ba tun shekara tara. Cewa citta ce, wa ya gaya miki?

Babanki,
Azariya

*

Sabon Tasha,
8 ga Oktoba.

Baba Azariya,

Ina gaisuwa, don an koya mini. Mama ba ta jin daɗi, kwana biyu ba ta je zumunta ba saboda bakin mutane. Ni lafiyata ƙalau.

Kana so ka ji yadda aka yi, na sani. Ban ga jaridarku da safe ba, ba mai sayar da ita a unguwarmu. Na hau dandamali, aka buɗe leda. Mutanen Kachia suka dubi juna. Wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce, “'Yata, a ina ake samun irin wannan citta, mu ma mu shuka?” Ɗaki ya fashe da dariya. Wani ya ɗauki bidiyo. Yanzu a intanet sunana Anti Kurkum. Mutum biyu da muke aiki tare sun tafi. Ka ci, Baba. Ka ƙoshi?

Amma ban goge ba. Je ka ce dattijonka ya nuna maka. Labarin yana nan yadda yake, hoton yana nan, a samansa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa na yi kuskure, kurkum ne, manhajar ta faɗi, Azariya Kumai ya yi gaskiya. Awa uku bayan taron na sa shi.

Yanzu mu zo kan jaridarku. Na neme ta na saya. Shafi na tara. Hagu, hotona, an rubuta “kurkum ɗin masu shafi”. Dama, hoton da editanka ya kwaso daga intanet, an rubuta “citta ta gaskiya”. Baba, a kwana goma sha ɗayan nan na koyi ganye, dole ta sa. Na dama ɗin ma faɗi ne kamar ɗan ayaba. Kurkum ne. A ƙarƙashin sunanka, a cikin labarin da kake koya wa duniya bambanci.

Ka gani tun ranar Litinin ɗin da ta iso Kafanchan, shi ya sa ban ƙara ganin wasiƙarka ba. Asabar ta sake zagayowa, na duba shafi shafi, babu gyara. Su wa ke ɓoye ƙarya yanzu?

Ba wanda ya lura tukuna, don masu sanin ganye ba su sayen jarida. Ni kaɗai ce. Ka riƙe nawa kuskuren kwana goma sha biyar, daga 12 zuwa 27, na ƙirga. Naka zai cika ranar Lahadi. Litinin da ƙarfe bakwai na safe zan sake shi, da jan zagaye a kan hoton. Ni ina gaya maka tun da wuri, don in fi ka.

Miriyam

*

Kafanchan,
11 ga Oktoba.

'Yata Miriyam,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ki gaishe da Lucia, ki ce mata ta koma zumunta, laifin nawa ne da naki, ba nata ba. Gwiwoyi biyu yanzu sun haɗa kai.

Wasiƙarki ta kwana uku a Kachia, motar Nuru ta lalace. Sai yau Asabar da hantsi ta iso, ya miƙo mini ita da maiƙon inji a jiki. Saura kwana biyu ke nan, don haka yau ba zan yi dogon zagaye ba, ko da yake kin san ni.

E, na gani. Na buɗe shafi na tara a bakin tasha, na zauna a kan buhun wani ban nemi izini ba. A ranar na kira Nelson. Na ce, “Ɗana, ka sa kurkum ka kira shi citta, a buga gyara.” Ya yi dariya. Ya ce, “Baba, ganye ganye ne, wa zai lura? Mun riga mun kayar da su. In muka buga gyara masu shafi za su hau kanmu.” Na sake kira sau huɗu. Na biyar ya ce in na ƙara tada maganar, ko na kai ta wani wuri, in ɗauka na rubuta filina na ƙarshe.

Na yi shiru mako biyu, ba zan ɓoye miki ba. Filin nan nake kallo. Don shi na tsayar da ke a gaban mutane da leda. Na ce in na rasa shi yanzu, to me na ci?

Ranar Alhamis na koma wurin Zipora. Ba ta ba ni kunu ba wannan karon. Ta ce, “Kai da 'yarka kun sa zanena ya zaga duniya, amma ba wanda ya zo ya tsaya a gangare.” Ta kai ni. Na tsaya. Na rubuta abin da na gani a kan gwiwata.

Yau kuma dattijon ya nuna mini shafinki, na ga gyaran a sama da manyan baƙaƙe. Awa uku. Ni da nake zagin masu gogewa na yi kwana goma sha biyu ina fata tawada ta dushe.

To, saurara. Ba zan bar ki ki ci wannan nama ba, ni na fara ganin shi. Cikin ambulan akwai takarda biyu da rubutun hannuna. Ta farko gyara ce: hoton dama kurkum ne, na gaya wa edita sau biyar, ya ƙi, ga abin da ya ce kalma kalma, ga ranaku. Ta biyu labarin gonar gangare ne. Ki buga su a Maɓalli da sunana cikakke, gobe Lahadi bayan sujada, kafin Litinin ɗinki ta waye. In kin ƙi, kika fi son naki jan zagayen, to duniya za ta ce kin kama tsoho. In kin buga, za ta ce tsoho ya kama kansa, ya kama editansa, kuma a shafin Anti Kurkum ya zaɓi ya faɗa. Ki duba wanne zai fi dawo miki da mutanenki biyu. Ko ta wace hanya filina ya tafi, na sani. Ina so dai Nelson ya karanta tonon asirinsa a waya, yana shan shayi, mutum dubu arba'in sun riga shi.

Nuru ya yarda ya yi lodi yau da rana saboda ni, zai kawo miki har ƙofa. Ki ba shi ruwa.

Abu mai tsawo da kika ji a ƙasan ambulan, jan biron ne. Ba wancan ba, wancan ya ƙare tuntuni, amma ƙaninsa ne. Kafin ki buga, ki bi takarduna layi layi. Duk inda ban faɗi wanda ya gaya mini ba, ki zagaye. Ki kawo su Kirsimeti gidan kaka, ki karanta da ƙarfi ana cin shinkafa. Na ƙirga, wuri biyu ne kawai za ki samu. In kika samu ɗaya, ni zan karɓi biron in nuna miki na biyun a gaban kowa.

Ki zo da takalmin roba. Zipora ta ce tana da aikin haƙar kurkum, kuma ta ji kin san shi yanzu.

Babanki, wanda ba shi da fili,
Azariya Kumai